Ya Fita Bai Karya Ba

Har gobe ban manta da ranar da Maman Dauda ta buɗe fulas ɗinta a ɗakinmu na masu jinya mai tsanani ba. Tun da kun taru yau kuna yi mini bankwana, kuka kuma ce sai na ba ku labari ɗaya daga aikin nan, to shi za ku ji. Ke Rahila, ajiye wayar nan, har da ke nake.

Lokacin ina Sista mai kula da ɓangare guda na ɗakin, a ƙarƙashin babbar Sista, wata Baturiya da sai ka yi sa'a za ka ga haƙorinta. Allah ya sani ina kewar shekarun nan. Mu 'yan Arewa ba mu da yawa a asibitin, in ka ji Hausa a cikin lif sai ka waiwaya kamar an kira sunanka.

Ana gab da Kirsimeti aka kawo mana Baban Dauda, mutumin Pankshin, direban bas. Da safe ya fito daga gidansa a unguwar Edmonton da ke London zai tafi aiki, ya yanke jiki ya faɗi a tasha. Jijiya ce ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Kafin yamma yana kan injin numfashi, abinci ta roba ake ba shi, ba a sa masa komai a baki. Likitoci suka duba hoton kansa, suka sake dubawa, suka ce ba zai farka ba.

Bari in yi bayani saboda baƙinmu. A ƙasar nan likitoci ne ke yanke shawarar cire inji idan ya daina amfanar mara lafiya, amma ba sa son yi sai iyali sun yarda. In aka kasa jituwa magana takan kai kotu, a yi ta ja, mutum yana kwance jikinsa yana lalacewa. Abin da muke guje wa Baban Dauda ke nan.

Matarsa kuwa ta kafe. Duk zaman da aka yi, babban likita zai yi bayani a natse, ɗansu Dauda, haifaffen London, ya maimaita mata, ita kuma ta ce a'a. Matan zumunta na cocinsu suna zuwa da zanensu iri ɗaya, su cika ɗakin jira da addu'a, suna cewa Allahn da ke ta da matattu bai gaji ba. Ni ma na gaskata haka, a cikin zumunta na girma. Amma kuma na ga hoton. Kullum da safe Maman Dauda za ta zo da fulas ta ajiye gefen gado, da yamma ta koma da shi a cike.

Babbar Sista ta kira ni ofis. "Ke kina jin yarenta," in ji ta. "Ina ga ba ta fahimci maganar ba. Ki yi mata bayani, ki kuma ce ta daina kawo fulas ɗin nan."

Na sami Maman Dauda zaune tana shafa wa mijinta ƙafa.

"Sannu Mama. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Sista."

Kun san mu, ko mutum yana bakin kabari haka za mu ce. Na ja kujera, na fara zayyana mata maganar likita da Hausa. Sai ta ɗaga mini hannu.

"Sista, kada ki wahalar da bakinki. Shekara da shekaru ina aikin goge-goge a asibiti. Tun ranar farko na san ba zai tashi ba."

Kai! Na ce, "To Mama, me muke jira?"

Ta dubi fulas ɗin ta ce, "Ya fita bai karya ba."

Ashe tun aurensu, ko gona zai tafi a gida, ko tuƙi a nan, sai ta dama masa kunun gyaɗa ya sha kafin ya taka ƙofa. Ran nan ta dawo daga aikin dare a gajiye, barci ya kwashe ta. Shi kuma bai tashe ta ba, ya ja mata bargo ya fita.

"Ko baƙo ba na bari ya kama hanya da yunwa," in ji ta, "balle Baban Dauda. Tafiyar nan mai nisa ce. In na ce a cire, ni ce na sallame shi ciki wayam. Da wane ido zan dubi Yesu?"

Na miƙe na tafi wurin babban likita. Kun san ɗan soson nan mai tsinke da muke jiƙa wa mara lafiya leɓe da shi don kada ya bushe. Na ce ya yarda mu tsoma shi cikin kunu maimakon ruwa. Ya tambayi abin da ke ciki, na ce gyaɗa, shinkafa da tsamiya. Sai ya ce, "Leɓe da bakin harshe kawai." Babbar Sista, wadda na zata za ta hana, ita ta ɗauko sabon soso da hannunta.

Washegari da safe Maman Dauda ta zo da sabon damu. Tana buɗe fulas ƙamshi ya cika wurin, ya rufe warin magani. Nan take na ga kaina a Kafanchan, safiyar Kirsimeti, mahaifiyata tana korar mu daga bakin murhu.

Ta zuba a murfi, ta hura ya huce kamar za ta ba jariri. Ta yi addu'ar abinci yadda suka saba a gida, Dauda ya durƙusa ya ce amin. Sannan ta tsoma soson ta shafa masa a leɓe.

"Baban Dauda, ga kununka. Ka yi haƙuri, na makara."

Ta yi ta shafawa a hankali, ta goge masa haɓa da bakin zanenta. Da ta gama ta juyo ta ce, "Sista, kira likita. Ya karya."

Da la'asar aka cire injin. Fasto yana tsaye, matan zumunta suna waƙa ƙasa-ƙasa, ya tafi hannunsa cikin nata.

Abin da na koya shi ne, idan iyali suka ce a'a, kada ku yi saurin cewa ba su gane ba. Sau da yawa sun riga ku ganewa. Akwai wani abu ne da ya rage tsakaninsu da mai tafiya, wanda ba ya fitowa a hoto. Ku ja kujera ku tambaya. Sakin mai tafiya yana da wuya ko ga mai bangaskiya, aikinmu kuma bai ƙare a kan inji ba.

Da Maman Dauda za ta tafi ran nan, ta tare ni a bakin ƙofa, ta juye sauran kunun a kofin takarda ta miƙo mini. Doka ta hana mu ci a ɗakin, amma a tsaye na shanye shi.

"Sha, 'yata," in ji ta. "Ke ma na lura ba ki karya ba."