Lambar da ta ƙi rabuwa

Sana'ata hatsi da wake. Ina saye a ƙauyukan Kurfai, in tara a rumfata ta kasuwar Filinge, in loda wa motocin Yamai. Ban yi lakkwal ba, wato boko, amma rabo bai taɓa gagarata ba. Idan mu bakwai muka haɗa mota guda, kafin direba ya kashe inji na san buhunan kowa.

Shi ya sa ɗiyata ta fari ta zo wurina. Tana kwalej a lokacin, ta riga ta maimaita aji sau ɗaya saboda lissafi, kuma an gaya mana in ta sake faɗuwa sai gida. Bayan la'asar ta same ni ina ɗinke bakin buhu. Ta ce mushensu, malamin lissafi, ya ba su aikin da zai shiga makin ƙarshen shekara: dubu takwas da ɗari shida da talatin da uku. A faɗi ko tana rabuwa daidai ba saura, ko tana cikin lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya da kansu.

Na ce ta zauna, wannan ai aikina ne. Biyu ba ta shiga, wutsiyar lambar mara ce. Biyar ma haka. Na gwada uku, saura ya fito. Bakwai, tara, sha ɗaya. Na zuba wake a kan tabarma ina yin kashi-kashi, kamar yadda nake yi idan abokan ciniki sun yi yawa. Kowane rabo sai ya bar 'yan ƙwayoyi a gefe. Maƙwabcina mai gishiri ya leƙo, ya ce in ba shi sauran kawai a huta, ai haka ake yi.

Na kai talatin da 'yan kai, na tsaya. A kasuwa ban taɓa ganin kayan da aka raba wa fiye da mutum talatin ba, kaina bai san hanya bayan nan ba. Ban kuma san inda ya kamata mai nema ya daina ba.

"Baba, mi zan rubuta?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Iyakar inda na taka, ba ta rabu ba."

Ta rubuta cewa ba ta rabuwa. Da takardar ta dawo, mushe ya sa da jan biro: tamanin da tara sau casa'in da bakwai. Na jera su a kaina, suka fito cif. Rabon yana nan, can gaba da inda na tsaya.

Makinta bai kai ba. Na je wurin daraktan makarantar, ya karɓe ni da mutunci, ya ce ba wannan aikin kaɗai ba ne, kuma doka ce. Ba abin da zan yi tayi a kai.

Yanzu takan taya ni awo ranar kasuwa. Hannunta ya iya tiya, kwanon awonmu, ba ta zubarwa. Ba ta sake kawo mini tambaya ba.