Inna da Kadangaren Jikanta

Ɗana yana da shekara tara lokacin da ya tasa ni a gaba sai na saya masa kadangare. A Guangzhou aka haife shi, a nan ya yi wayo, don haka abin da na taso ina jifa da dutse a jikin katangar gidanmu a Kano, shi a shago ya fara ganinsa, cikin akwatin gilashi, da fitila a kansa kamar majinyaci. Na ce masa a garinmu ko kyauta aka ba ka wannan sai an haɗa maka da ban haƙuri. Bai ji ba. Uwarsa ta goya masa baya, ni kuwa dama ba na iya ja da su biyun, sai ga mu muna hawa bene da akwati da fitila da gwangwanin gyare masu rai.

Gaskiya ba irin namu ba ne. Ya fi na gida faɗi da nauyi, launinsa ƙasa-ƙasa, kuma yana da ƙayoyi a maƙogwaro waɗanda yakan kumbura su yi baƙi in ransa ya ɓaci, shi ya sa ake ce masa mai gemu. Ɗana ya raɗa masa lauban, yadda muke kiran mai shago da Sinanci, wai don yadda yake ɗaga kai yana duban mutane ɗai-ɗai. Hidimarsa ta fi ta wani baƙon. Da safe a kunna masa fitilar zafi, a yayyanka masa ganye da kabewa, a barbaɗa wa gyare wani farin gari na ƙarfin ƙashi, sannan a miƙa masa da tsinken cin abinci. In babu zafin fitilar nan, ba ya ci, ba ya motsi, jikinsa sai ya sandare. Yaron da sai an yi da gaske yake ɗauke kwanon da ya ci abinci, shi ne ba ya fita makaranta sai ya sa hannu ƙarƙashin fitilar ya ji ɗuminta.

Ana haka na samo wa Inna, mahaifiyata, biza ta zo a cire mata yanar ido. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "wannan yaron". Kakata ce ta raine ni, ita ta goya ni, Inna kuwa ko kallona ba ta yi in da mutane. Ban taɓa shakkar tana so na ba, kunyar ɗan fari ce kawai, na kuma saba. Amma na san duk abin da ta danne a kaina jikanta take tara wa, wanda ba ta taɓa gani ba sai ta waya. Ta zo masa da kilishi da hular da ta ba da aka ɗinka masa. Bizar ta 'yan makonni ce.

Tana shigowa gida ta fara cigiyar angon nata. Ta dube shi sama da ƙasa da idonta mai gani, ta ce wannan ɗan guntun mijin da me zai ciyar da ita. Yaron ya yi yaƙe. Can ta hango akwatin a falo, ta matsa, ta leƙa, ta ja da baya tana salati. Da ta natsu sai ta ce, "Ashe angona damo yake kiwata mini. Madalla. Ranar da na ga ya yi ƙiba, sai tukunya."

Ni da uwarsa muka yi ta dariya, ba mu lura shi bai yi ba. Yana jin Hausa, amma Hausar zo ka ci abinci ce da je ka yi alwala. Bai taɓa zama da kaka ba, bai san cewa a wajenmu kaka da jika abokan wasa ne, ta kira shi miji, ya kira ta tsohuwa, su yi ta zolayar juna ba mai fushi. Ga shi kuma ya taso a garin da ya sha ganin kunkuru da kwaɗi a kasuwa ana auna su don miya. Ya ɗauki maganar da gaske. Kafin magariba ya ja akwatin zuwa ɗakinsa, ya liƙe murfin da salatif, ya rataye hular a bayan ƙofa bai ko gwada ba.

Inna kuwa ta ɗauka salon jan aji ne irin na ango, sai ta ƙara wuta. In ta ji ana wasa wuƙa sai ta tambaya ko damon ya isa yanka. In za a ɗora miya sai ta ce a rage nama, akwai na gida. Na zaunar da yaron na yi masa bayani da Hausa, na maimaita da Sinanci. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "In tana so na, me ya sa za ta ce za ta yanka abin da nake so?" Ban iya tunkarar Inna da kaina ba, sai na tura matata ta lallaɓa ta. Inna ta ce jikan da ba a tsokana ai baƙo ne, amma ta daina.

Da ta daina ɗin abin ya fi ciwo. Gidan ya yi tsit. Ya gaishe ta daga nesa, ta amsa a takaice, shi ke nan. An yi aikin idon lafiya, ta fara gani tar, sai ya zamana abin da take gani shi ne ƙeyar jikanta yana shigewa ɗaki. Wasu safiyoyin nakan same ta tsaye nesa da ƙofarsa tana kallon yadda yake ba dabbar abinci, ita da ko gefen akwatin ta taɓa sai ta wanke hannu da sabulu. Na shiga damuwa sosai. Kwanakinta suna ƙarewa, shekarunta sun ja, ban san ko za ta sake yin wannan doguwar tafiya ba, kuma na ga alamar za ta koma da ido garau da jikan da ke tsoronta.

Sai sanyi ya sauko. Sanyin garin nan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa bango, gidajen kuma ba a yi su da abin ɗumama ɗaki ba. Wata rana ina sito wajen filin jirgin Baiyun ina tura kayan mutanen Kano, matata tana kasuwar Canaan tana zaɓar wa wata 'yar Maraɗi riguna, Inna ce kaɗai a gida. Da yamma na biya makaranta na ɗauko yaron. Tun daga matakala muka ji ƙamshin miyar kuka. Ya wuce ɗakinsa kamar kullum, sai na ji shiru ya yi yawa, na bi shi. Fitilar a mace, an yanke salatif, akwatin babu kowa. Ya fita da gudu zuwa kicin, ga tukunya tana tururi, ga kuma wani sili na fatar kadangaren an ajiye a kan faranti. Ni kaina sai da na zaci an yanka shi.

Inna tana falo kan darduma cikin hijabinta, ta idar da la'asar tana jan carbi. Yaron ya je ya tsaya a gabanta, hawaye na zuba, ya yi mata magana kai tsaye a karo na farko. "Kin cinye shi."

Sai da ta kai ƙarshen carbin ta shafa addu'a. Sannan ta juya masa baya a hankali ta ce, "Zo ka sauke mini ɗanka, bayana ya gaji."

Ya ɗaga hijabin. Ga lauban naɗe cikin tawul, an goya shi da zani, an ɗaure da ɗankwali a matsayin majanyi, ya ɗora haɓa a tsakanin kafaɗunta yana lumshe ido. Launinsa ya washe, jikinsa da ɗumi. Yaron ya kwance ɗaurin, ya rungume dabbar, ya tsaya yana kallon kakarsa kamar yau ta iso.

A hankali muka ji yadda aka yi, don Inna ba mai son ba da labarin kanta ba ce. Da hantsi ta ji fitilar ta yi ƙara ta mutu. Ta leƙa bayan wani lokaci ta ga dabbar ta yi duhu ta lafe a kusurwa, ta taɓa gilashin ta ji kamar ƙanƙara. Ba ta kira ni ba, dama ba ta kirana, matata kuwa, Inna ta ce ba ta son ta tayar mata da hankali a kasuwa. Sai ta kwance mataccen ƙwan fitilar, ta lallaɓa ta sauka benen nan duka, da idon da aka ce ta kiyaye shi, ta miƙa wa mai shagon ƙasa. Ya juya shi ya ce "meyo", wato babu, kalmar Sinanci ɗaya da ta tafi da ita gida ke nan. Ta hawo ta gwada ruwan zafi a gora, yana hucewa nan da nan. Daga nan ta yi abin da ta sani ana yi wa ƙaramin abu in yana jin sanyi. Wajen ɗaukarsa ne fatar ta biyo hannunta, ba ta san saɓa yake yi ba, ta zaci ta ji masa ciwo, shi ya sa ta ajiye a faranti don mai shi ya gani, kada a ce ta ɓoye. Da shi a baya ta kaɗa miya, da shi ta yi azahar da la'asar, ta ce ai da goyo ta saba salla.

Da matata ta dawo ta duba bayan Inna, duk farce ya yi mata zane ta cikin tawul. Tana shafa mata mai tana faɗa, Inna ta ce tun hantsi tsigar jikinta ba ta kwanta ba, kuma har gobe ba ta ga abin so a jikin wannan halitta ba. Ta ce, "Na dai ga angona kullum sai ya sa hannu ya ji ɗumin nan kafin ya fita."

Na koma ɗaki na zauna. Na yi dariya ni kaɗai, don na kama kaina ina kishin kadangare: bayan da ban taɓa hawa ba a gaban mutane, shi ya wuni a kai. Amma girmanta ne ya fi cika mini zuciya. Na san ƙyanƙyamin Inna, na san abin da ta haɗiye kafin ta kai hannu cikin akwatin nan. Ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba, kuma ban iya gaya mata ba.

Sauran kwanakin a baranda suka yi su. In rana ta leƙo ta tsakanin benaye, sai su fito su uku su sha hantsi, shi da hularsa a ka. Ya yi ta fama ya koya mata riƙe tsinke, gyare na kuɓuce mata suna tsalle a zaninta. Ta koma tsokanarta, ta ce damon ya rame, ba zai yi miya ba. Yakan sunkuyar da kai ya yi murmushi, amma bai taɓa ramawa ba, ita kuwa ramawar take jira.

Ranar tafiya muka raka ta filin jirgi. Ta yi sallama da matata, ta ce wa gefen kafaɗata, wannan yaron ya riƙa ajiye ƙwan fitila biyu a gida. Sannan ta dubi jikanta ta tambaye shi ko haka zai bar amaryarsa ta tafi ba ko magana. Ya gyara hula, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Tsohuwa, na sake ki. Lauban ya ce bayanki duk ƙashi ne."

Inna ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, har ta dafa akwatinta. Ta goge ido da bakin hijabi ta ce, "To, saki nawa?"

Bai san ana ƙirga shi ba. Ya waiwaya ya tambayi uwarsa da Sinanci, wanne ne in an yi mutum yake dawowa. Ta ɗaga masa yatsa.

"Ɗaya," ya ce.

Inna ta kama hannunsa ta riƙe, ba ta saki ba har ma'aikaciyar jirgi ta zo da keken da za a tura ta.