Goɗiyar kamfani da ɗanta

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wani ƙaramin kamfanin mazarƙwaila na wani alhaji a Zariya ya ba ni kiwon goɗiyar da ke juya masa injin matsar rake a Makarfi. Da baki aka yi sharaɗin a gaban mai unguwa, irin yadda muka saba: ciyawa da dusa a wuyana, ɗan fari kuma nawa.

Da damina goɗiyar ta haifi ɗan duƙushi. Kafin kaka sai ga labari wai kamfani ya karye, kotu ta ce a rufe shi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoron haƙƙin mutane. Tuwo ya daina shiga. Na yi ta tambayar kaina, abu kamar kamfani da ba shi da 'ya'ya ba shi da dangi, wa zai gaje shi? Kuma ɗan duƙushin nan, ya halatta gare ni ko kuwa? Mahaifiyata ta ce, "Kai dai ko kazar maƙwabta ce ta yi ƙwai a gindin rumbunka sai ka rame. Ka mayar da goɗiyar ga mai ita mana."

Na shiga mota sai Zariya. Na tarar da Alhaji a zaure, muka gaisa, na jajanta masa, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe zan kawo maka goɗiyarka?"

Ya yi 'yar dariya. "Goɗiyata? Malam, yanzu ko igiyar wuyanta na taɓa, ɗaure ni za a yi. Ta kamfani ce."

"To, ba kai ne kamfanin ba?"

"Ni ma da haka na zata."

Ranar kasuwa wani mutum da kotu ta naɗa ya iso Makarfi. Aikinsa ya tattara kayan kamfanin ya sayar, a sallami masu bin kamfanin bashi. Da ya ga dabbobi biyu a turke, sai ya haɗa su duka cikin kayan gwanjo. Mai unguwa ne ya yi masa bayanin sharaɗinmu, ya ce shi ne shaida.

Mutumin ya ce, "Tunda kamfani ya yi alkawarin yana tsaye, ɗan naka ne. Uwar kam sai gwanjo."

Maimakon in yi godiya in yi shiru, sai na ce, "Yallaɓai, nonon fa da yake sha tun da aka rufe kamfanin, na wa ne?"

Ya ce, "Malam, kotu ba ta kai nan ba."

Wani dattijo daga Kudan ne ya sayi goɗiyar, kuma a kunnensa na yi tambayar. Ya miƙo mini igiyar ya ce, "Riƙe ta har ka yaye shi, ɗana. Nonon gaba na yafe. Na baya kuwa ka nemi kamfani."

Har yau abin na ba ni mamaki, yadda mutum zai kafa abu da guminsa, abin ya mallaki doki, shi kuma a hana shi taɓa igiya. Ɗan duƙushin ya girma ya tsufa a hannuna. Nonon baya ne dai har yanzu ban sami wanda zan roƙa gafara ba.