Mai Walda da Tagar Uwarsa

Mai walda mutum ne da Allah ya ba hannu ya hana baki. Duk gidan saman da ke layinmu shi ya yi wa ƙarafunan taga, kuma in ya ɗaure taga, ɓarawo sai dai ya leƙa ya yi sallama ya wuce. Da wannan ya yi aure, da shi ya yi tumbi.

Wata rana da azahar wuta ta kama matakalar wani bene a layin, ita kaɗai ce kuma hanyar sauka. Akwai tela a ɗakin sama. Maza suka kafa tsani, suka daki ƙarfen tagar har guduma ta gaji, ƙarfe ko gezau. Kafin 'yan kwana-kwana su iso an gama. A wajen jana'iza wani marar kai har yake yaba ingancin aikin.

Mai walda bai yi kuka ba. Ya ci abincinsa, ya buɗe shago washegari. Sai dai in ka gaishe shi, sai ka kai kwanar layi amsar take biyo ka.

Da hukuma ta ce kowane ɗakin kwana sai da tagar da ke buɗewa daga ciki, ya bi gidaje yana yanka abin da ya ƙera, yana sa 'yar ƙofa da sakata. Kowa ya yarda, ban da uwarsa, wadda ke zaune a hawa na biyu da risho a bakin ƙofa. Ta ce wuta sau ɗaya ta gani, ɓarayi kuwa tun tana budurwa take ganinsu.

Ya lallaɓa ya yanka ƙarfen tagarta ranar da ta tafi asibiti, ya sa sakata. Da ya koma dubawa, sai ga kwaɗo ƙato rataye a jikin sakatar.

"Inna, ina makullin?"

"Yana wajen ƙanwarka. Ni mantuwa gare ni, kar ya ɓata."

Ƙanwar nan sai an hau mota biyu ake zuwa gidanta.

Ya ce to. Ya sha ruwa, ya sauko.

A satin ya kwashe shagonsa ya kafa rumfa daidai ƙarƙashin tagar, wurin da ko akuya ba ta bi, balle mai ciniki. Tsani na jingine da bango, injin yankan ƙarfe na gefen ƙafarsa. Uwar takan leƙo ta ce ƙarar aikinsa ta hana ta barcin rana. Yakan ɗaga kai ya dube ta, ya ci gaba.