Hantar Umma

Ranar Alhamis ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika goma. Na dawo daga makaranta sharkaf da gumi, na tarar da tsohuwar nan ta benen sama, wadda muke kira Iya 'Yar Caina, zaune a falonmu. Ta ɗora yatsu uku a tsintsiyar hannun Umma, ta lumshe ido kamar mai sauraren rediyo, matar ɗanta kuma na tsaye a bakin ƙofa. Umma na ganina ta ce, "Yauwa Uwani, zo ki ji min abin da suke faɗa." Na yar da jaka na matso ina hura hanci, don a lokacin gani nake duk Doha babu mai Turancina.

A unguwar Matar Ƙadim muke zaune, hawa na biyu. Abba yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, ya fita da asuba sai bayan isha'i. Mu yara kam duniya sabuwa. Da la'asar mu zana 'yar gala-gala a wurin ajiye motoci tare da yaran Sudan da na Indiya, mu yi carafke da ƙwallon dabino a matattakala, a aike ni kanti sayen gurasa in cinye gefenta kafin in iso. Umma ce abin bai karɓa ba. Matar da ta tashi a gidan yawa a Malumfashi, inda ko tari ka yi sai mutum biyar sun ce maka sannu, ita ce aka rufe a ɗaki biyu da na'urar sanyi mai gurnani. Ta daina kitso, ta daina waƙar da take yi in tana wanke-wanke, har wanke-wanken ya dawo kaina. Sai ta zauna gaban tagar da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta, tana ajiyar zuciya, shinkafa na ƙonewa. In na tambaye ta sai ta ce, "Ba komai, gajiya ce." A matattakala Iya ta tsince ta wata rana da kwandon shanya a cinya tana kuka, shi ya sa ta sauko duba ta.

Da Iya ta gama da hannun, ta sa Umma ta fito da harshe, ta daɗe tana kallo, sannan ta yi magana mai tsawo da yarensu. Matar ɗan ta juya min da gurgun Turancinta tana nuna ƙasan haƙarƙarinta na dama. Kalma biyu na kama, hanta da toshewa. Ban tambaya ba, ina ni ina nuna ban gane ba? Na juya na ce, "Umma, wai ciwon hanta gare ki." Umma ta ce innalillahi, ta zare hannunta. Ciwon hanta ne ya kashe yayanta, Kawu Sale, kuma ita ta yi jinyarsa, ta ga yadda cikinsa ya kumbura, ta ga yadda aka ware masa kwano da moɗa.

Washegari Iya ta sauko da tukunyar ƙasa da ƙunshin takarda: alkama, wata saiwa mai zaƙi, da jajayen 'ya'yan itace da suka yamutse. Umma ta gutsiri ɗaya ta ce ai wannan 'yar uwar magarya ce. Daga nan kullum la'asar sai ta zo ta ɗora tukunyar, ta yi kusan awa tana dahuwa, gidan ya cika da ƙamshi. Su zauna su biyu a ƙasan kicin, babu mai jin yaren wani, wannan na ɓare tafarnuwa, waccan na gyaran wake. Kafin mako biyu na ji dariyar Umma daga matattakala, har na tsaya don in tabbatar gidanmu ne. Sai dai tun daren farko ta ɗaura jan zare a cokalinta, ta ware kofinta, ta daina sa hannu a farantin da muke ci tare. Abba kuwa ta ce kada in gaya masa.

Abba ban gaya masa ba, amma baki ai ba shi da linzami. Duk Juma'a mukan je unguwar Wukair gidan wata Hajiya inda matan Hausawa ke haɗuwa, a ci tuwo a sha hira. Nan na raɗa wa ƙawata, ita kuma ta raɗa wa uwarta. Juma'ar da ta biyo aka kawo wa Umma nata abincin daban a farantin roba, wata kuma ta zo cikin dabara ta ɗauke jaririnta daga cinyar Umma, wai zai sha nono. Ina kallo Umma ta naɗe hannuwanta cikin mayafi. Ba ta sake taka gidan ba.

A bakin mazajen matan nan Abba ya ji. Ya kai ta asibiti aka auna jini, aka ce hantarta lafiya ƙalau. Ya hau sama ransa a ɓace, ya ce wa su Iya su fita harkar iyalinsa, bai tsaya jin ba'asi ba, ya dawo ya zubar da sauran ƙunshin. Da la'asar Iya ta sauko da tukunyarta ta ƙwanƙwasa. Umma ta ɗora yatsa a baki, ni kuma na taka kujera ina leƙenta ta 'yar hudar ƙofa, tana tsaye tana sauya wa tukunyar hannu saboda nauyi. Kwana uku tana zuwa, sannan ta bari. Takardar asibitin ma ba ta shiga kan Umma ba. "Kawunku ma haka suka ce masa da farko," in ji ta. Ta koma gaban taga, bayan shekara guda Abba ya mayar da ita gida da ƙannena, ni na zauna in ƙarasa makaranta. Shekara goma sha shida Umma ba ta haɗa kwano da kowa ba, ko jikokinta ba ta yarda su sha ragowar ruwanta.

Bara, ina karatun digiri na biyu, muna haya a unguwar Aziziya da wata 'yar Caina. Lokacin jarrabawa na gan ta tana jiƙa busassun furanni, ta ce hantarta ce ta toshe. Na zabura na ce ta je asibiti. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a likitancinsu na gargajiya hanta ce ma'ajiyar ƙunci da ɓacin rai, in an ce ta toshe ana nufin damuwa ta taru ta rasa hanyar fita. Mu da kanmu fa muna cewa hantar cikina ta kaɗa, kuma ba a taɓa ware wa kowa kwano a kan haka ba.

A ranar na kira Umma na gaya mata komai, na ce ta yafe min. Sai ta ce, "Ke yarinya ce, Uwani, me kika sani? Ashe tsohuwar nan ita kaɗai ta gan ni, muka rufe mata ƙofa."

Yanzu abin yana da suna, ana ce masa ciwon damuwa, akwai likitocinsa, har na sa an kai Umma wajen ɗaya. Ban sani ba ko alkama da magaryar ne suka fara yi mata aiki, ko zaman nan na ƙasan kicin, kuma babu wanda zan tambaya, don ko sunan Iya na gaskiya ba mu taɓa sani ba. Yau ina jin Turanci da Larabci har ana nemana in yi tafinta, kuma ba na jin kunyar cewa a maimaita min. Da na iya faɗin haka ina 'yar shekara goma, da Umma ta samu ƙawa a garin nan.