Ranar da kwamfuta ta ƙwace mini fanka

Ina kwance ina karanta littafin soyayya, sai na ji iska ta ɗauke. Ashe maigida ne ya juya fankarmu ɗaya tilo wajen kwamfutarsa. Lokacin ina amarya a Kwamba, ƙarshen shekarun casa'in.

Ya ƙara wa katin da ke fitar da hoto a cikin kwamfutar gudu fiye da ƙima, yana tsoron kada ya ƙone.

Na ce, "Yallaɓai, a littafi amarya ake yi wa fifita."

Ya ce, "Taɓa ƙarfen nan. In yatsa ya kasa zama, zafin ya wuce ƙima."

Na kamo hannunsa na ɗora a goshina. "To, auna nan ma."

Ya yi dariya, ya rage wa katin gudu, fanka ta dawo gare ni.

Mata, ku da wane inji kuka taɓa yin takara?