Ranar da Gambo ta Koma Sambo

Safiyar wata Lahadi ce, mako biyu bayan babbar Sallah, shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, makarantar boko. Ina zaune a tsakar gidanmu na unguwar Yantala ina tsinke zogale cikin faifai saboda Inna za ta yi kopto, wato kwaɗon zogale, kakata Gambo kuma ta miƙe ƙafafu a ƙofar ɗakinta tana goge ƙwaryar kiɗanta da tsumma. Rediyon Baba na rataye a jikin bishiyar dogon yaro, sai mai gabatarwa ya ce ga sabon kaset na Hajiya Talatu. Duk muka ɗaga kai, domin kakata ce ke kaɗa wa Hajiya Talatu ƙwarya shekara talatin da 'yan kai, kuma ba mu ji an ce za a yi kaset ba. Tsohuwar waƙa ce da muka haddace tun muna goye, sai dai babu ƙwarya a ƙarƙashinta, kiɗan orga ne, wannan akwati mai maɓallai da ake jonawa da wuta. Muka jira wurin da Hajiya ke juyowa ta ce, "Gambo riƙe min, kar ki sake ni." Wurin ya zo ya wuce. Kaka, da kunnenta ya fara nauyi, ta ce, "Mi tac ce?" Inna ta yi caraf ta ce, "Ke ta kira, Iya." Ni kuwa da bakina da ba ya jiran izini na ce, "Wallahi ba Gambo ta ce ba, Sambo ta ce. Kuma kar ka ta ce, ba kar ki ba." Hararar da Inna ta yi mini har yau ina jin ta. Kaka ta kife ƙwaryar ta shige ɗaki.

Daga Maraɗi suka taso tare, ita da Talatu, suna zawarawa, a bayan motar gyaɗa, suka kama ɗaki ɗaya a Zongo, tabarma ɗaya, tukunya ɗaya. Talatu Allah ya ba ta murya, wannan ko ni mai jin haushinta ba zan musa ba. Amma kiɗan duk daga hannun kakata yake fitowa. Na sha ganin ta tana wanki ko tana tankaɗe, sai ta tsaya ta fara buga bakin roba da yatsu, ta maimaita, ta gyara, kwana biyu ko uku tana abu ɗaya har mu gaji da ji, sannan ta je ta kaɗa wa Talatu, ita kuma ta ɗora kalmomi a kai. A jikin kowane kaset hoton Hajiya kaɗai ake sawa, da gwala-gwalanta da haƙorin Makka. In Baba ya yi ƙorafi, Kaka sai ta ce, "Sunana na cikin waƙa, mi zan yi da hoto?" Iyakar abin da ta nema ke nan a shekara talatin, kuma shi aka cire.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka yi shi. Wata uku kafin ranar, Hajiya ta aiko cewa maƙogwaronta na ciwo, likita ya hana ta waƙa, a dakata da zuwa biki. Kaka ta ɗauki maganar da gaske. Kowace Juma'a sai ta daka citta da kanumfari, ta haɗa da zuma a kwalba, ta shiga faba-faba, ƙaramar motar haya, da ciwon gwiwarta ta tafi unguwar Dar es Salam, gidan da ɗan Hajiya ya gina mata. Hajiya na karɓa, tana godiya da raɗa, wai murya ba ta fita. Ashe a watannin nan ne ɗan nata ke kai ta wurin ɗaukar kaset tare da wani saurayi mai orga da ake kira Sambo, wai ƙwarya ta tsufa, matan manya ba sa son ganin ta a bikinsu. To, mun ji, zamani ya zo da orga, ba wanda ya ce a kore shi. Amma mutum ya sha zumarki ya je ya rera sunan wani da ita? Ko aike ba ta yi ba. Harafi ɗaya ta canja a sunan, ta ga ya zauna daidai cikin kiɗa, ta wuce abinta.

Ba a yi mako biyu ba waƙar ta cika gari. A butik, kantin unguwa, ita ce, a wurin mai suyar fari masa ita ce, a layin famfo inda muke jera bokitai da safe ita ce. A lakwal, in an fita rekreyasho, wato shan iska, 'yan mata kan yi da'ira ƙarƙashin bishiya su yi gaɗa, wasu na carafke a gefe, maza na langa suna ture mu. Ranar nan ina cikin da'irar sai wata Fati ta ɗauko waƙar, ta kai wurin ta ce Sambo. Na ce mata Gambo ake cewa. Ta ce a rediyo Sambo ne. Na ce rediyon ƙarya yake yi. Ta ce to wace ce ma Gambo? Ban san lokacin da na cakumi kitsonta ba. Mushe, malaminmu, ya sa muka yi gwiwa a rana har aka tashi, rigata a yage, kuma da na zo gida Inna ta ƙara mini da nata. Ban yi kuka don dukan ba. Tambayar Fati ce ta sa ni kuka, don na ga da gaske take, ba ta sani ba.

Mata suka yi ta zuwa gidanmu, kowa da shawararta, kuma duk shawarar ɗaya ce: Kaka ta yi wa Talatu zambo, tunda ba wanda ya san asirinta kamar ta. Ni ma har na rubuta nawa a bayan kaye, littafin rubutuna, baiti huɗu, na karanta mata ina huci. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ramatu, bakin da ya ci tuwo da ita shekara talatin ba ya zaginta. Yage." Na yage, amma na ji haushin Kaka ita ma. Ga shi ba ta rama ba, ga shi ta daina kiɗa. Ƙwaryar ta zama ma'ajiyar busasshiyar kuɓewa. Kaka ta rame, ta rage magana, sai dai in tana zaune ka ga yatsunta na motsi a kan gwiwa, da ta lura ana kallo sai ta dunƙule hannun. Baba ya fara cewa a kai ta asibiti, Inna ta ce ba ciwon asibiti ba ne.

Maƙwabciyarmu Hamsatu ce ta tashe ta, wata Bazabarma mai lambun salati a bakin kogi, mace mai baki kamar nawa. Ta shigo da rana tsaka, ƙafafunta duk laka, ta yi gaisuwa da yarensu ta ce, "Fofo, Iya. Jibi sunan jikana, ke za ki yi kiɗa." Kaka ta ce ai ba ta da mai waƙa. Hamsatu ta ce, "Bakinki fa, aro kika yi shi?" Ranar sunan bayan la'asar aka zazzage kuɓewa, aka cika babban baho da ruwa aka kifa wata ƙwarya a ciki, matan lambu huɗu suka zauna amshi. Gaskiya muryar Kaka ba ta da daɗi, a shaƙe take kamar ta mai mura, har wasu suka fara dariya. Amma da hannun ya kama, dariyar ta tsaya, tsofaffi suka cire gyale suka ɗaure a ƙugu. Ta yi sabuwar waƙa tata, a tsakiya ta juya ta kira matan nan ɗaya bayan ɗaya, Hamsatu, Gaika, Zali, Maimuna, kowace da sunan ubanta da abin da take shukawa. Zali ta fashe da kuka, ta ce tunda take ba a taɓa sa ta a waƙa ba. A hanyar gida Kaka ta ce mini, "Duk wadda ta riƙe min, sai an ji sunanta."

Shekara tara ta yi tana kiɗa da matan nan, a suna da biki na masu ƙaramin ƙarfi, daga Yantala har ƙetaren kogi, ba kaset, ba hoto, sai da gwiwa ta hana ta fita. Hajiya Talatu ba ta taɓa taka gidanmu ba har Kaka ta rasu, ko da yake Kaka na gaishe ta a bakin mutane, kuma ta je mata gaisuwa da mijin da ta aura daga baya ya mutu.

Yau babu kaset, waƙar na cikin wayoyin mutane, kuma wadda aka yi da orga ce ta rage, tsofaffin kaset masu ƙwarya duk rediyo ya cinye zarensu. Lambunan da na sani wasu sun zama gidaje, matan amshi saura Zali kaɗai. In na je biki aka sa waƙar, ina jira a kai wurin, sai in ɗaga murya in ce Gambo, 'ya'yana mata su sunkuyar da kai don kunya, na kusa da ni su ɗauka kuskure na yi. Wani lokaci nakan yi musu bayani, wani lokaci nakan bar su. Kaka ta yafe tun tana da rai. Ni har yanzu ban kai can ba.